Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zana Hasken da ke Ratsa Jiki

Fim ɗin Toy Story da ya fito a watan Nuwamban 1995 shi ne dogon fim na farko da aka zana kacokan da kwamfuta, kuma ba banza ba aka sa kayan wasan yara suka zama taurarinsa. Kamfanin Pixar ya san iyakar ƙarfinsa. Duk abin da kwamfutar wancan zamani ta zana, da kamannin roba yake fitowa, sai aka nemo labarin da 'yan wasansa dama can roba ne. Inda asiri ke tonuwa shi ne idan mutane suka shigo: yaron gidan, mahaifiyarsa, da ɗan maƙwabta mai ƙiriniya, duk fuskokinsu a bushe suke, ba alamar jini. Tun a 1988 kamfanin ya ɗanɗana wannan a wani gajeren fim mai suna Tin Toy. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, amma jaririn da ke rarrafe a cikinsa ya fi ba 'yan kallo tsoro a kan sha'awa.

Masu zanen sun iya aikinsu. Cikas ɗin yana cikin wani zato da aka ɗora dukkan lissafin a kansa, wato cewa haske idan ya faɗa a wuri, daga nan wurin yake komawa. A kan ƙarfe da madubi haka abin yake. A kan fata, madara, ganye, kyandir, sabulu, 'ya'yan inabi da dutsen mabul kuwa, labari ya sha bamban. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a kashe fitilar ɗaki, a kunna tocilar waya, a ɗora ɗan yatsa a kanta. Ɗan yatsan zai yi jawur har farce, har gefen da tocilar ba ta taɓa ba. Hasken shiga ya yi cikin tsoka, ya yi ta karo da abin da ya tarar, jini ya shanye shuɗi da kore, ja ya tsira ya ɓullo ta wani wuri daban. Haka yake faruwa a kowace fuska kullum, sai dai a cikin tazarar 'yan milimitoci. Sai da aka yi shekara 30 kafin kwamfuta ta iya kwaikwayonsa a cikin lokacin da mai shirya fim zai iya jira.

Robar ta samo asali ne daga Jami'ar Utah a Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 David Evans da Ivan Sutherland suka tara ɗalibai a can da kuɗin bincike na ma'aikatar tsaron ƙasar, kuma daga wannan sashe aka fitar da yawancin tubalan sana'ar. A 1971 wani Bafaranshe, Henri Gouraud, ya samo hanyar shafe kusurwoyin ƙananan falle-fallen da ake harhaɗa siffa da su, yadda ido zai ga abu mulmulalle. Fuskar matarsa ya zana wa layuka ya ɗauki awo, ya shigar a na'ura. Bayansa sai Bui Tuong Phong, haifaffen birnin Hanoi na Biyetnam, ya ƙaro sheƙi, wato farin tabon nan da ke zama a kan abu mai santsi inda fitila ta haske shi. An buga maƙalarsa a 1975, shekarar da cutar sankara ta yi ajalinsa yana ɗan shekara 32. Lissafin Phong ba daga dokokin kimiyya ya fito ba, abin da ya yi wa ido daɗi ya rubuta, kuma arharsa ta sa aka yi shekaru da dama ana amfani da shi. A 1981 Robert Cook da Kenneth Torrance na Jami'ar Cornell suka bayyana dalilin da ya sa komai ke kama da roba: farin sheƙi a kan jiki mai launi halin roba ne, shi kuwa ƙarfe yakan rina sheƙinsa da launin jikinsa. Suka gyara, tagulla ta koma tagulla, zinare ya koma zinare. Amma har a lokacin a bayan abu ake tsayawa, ba wanda ya leƙa ciki.

Gilashi da ruwa aka fara cin ƙarfinsu, domin dokarsu tsohuwa ce. A wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta a Bagadaza yadda haske ke karyewa idan ya shiga gilashi, ƙarni shida kafin Turawa su sake gano dokar su laƙaba mata sunan Snell. Ba a daɗe ba Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shigo ido, saɓanin wasu mutanen Girka na dā da suka ce ido ne ke harba haske waje. Abin dariya, da Turner Whitted na ɗakin binciken Bell ya zo bin sawun haske da kwamfuta a 1979, hanyar mutanen Girka ya bi, kuma da gangan. Mafi yawan hasken da fitila ke fitarwa ba ya isa kyamara, bin sa asarar lokaci ce. Sai ya fara daga ido: ta kowane ɗigo na allo a harba layi guda, idan ya ci karo da gilashi ya rabu biyu, ɗaya ya koma baya, ɗaya ya karye ya shige, kowannensu kuma a ci gaba da bin sa. Hoton da ya fitar, ƙwallon gilashi a saman daɓe mai gidan dara ja da rawaya, ya ci wa babbar kwamfuta sama da awa guda. Masu fim ba su yi wata-wata ba wajen neman abubuwa masu garai-garai, ko da ta hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. A 1985 wani jarumi ya diro daga tagar coci mai gilashi kala-kala a fim ɗin Young Sherlock Holmes. A 1989 kamfanin ILM ya kwashe wata shida yana ƙera wani macijin ruwa mai kwaikwayon fuskar mutane a The Abyss, fitowar da ba ta wuce daƙiƙa 75 ba.

Annuri kuwa, irin wanda ke kewaye fitila da dare, nasa labarin daban ne. Fim ɗin Tron na 1982 shi mutane ke tunawa idan aka ce haske mai ƙyalli na kwamfuta, alhali layukan nan masu haskawa a jikin 'yan wasan aikin hannu ne. An ɗauki mutanen a fim baƙi da fari a cikin baƙin ɗaki, aka faɗaɗa kowane hoto ɗaya bayan ɗaya a kan manyan falle masu ratsuwa, aka ware fuska daban, layukan riga daban, sannan aka sake ɗauka da fitila daga baya ta cikin matatun launi. Babban kaso na wannan wahala a Taiwan aka sha ta. Ainihin zanen kwamfuta a fim ɗin bai fi minti 20 ba, kuma ko sunansa ba a saka ba a takarar Oscar ta fasahar hoto. Daraktansa Steven Lisberger ya sha faɗin cewa alƙalan sun ɗauki amfani da kwamfuta a matsayin maguɗi.

Darasin da ke cikin Tron shi ne annuri ba a jikin fitila yake ba, a cikin idon mai kallo ko gilashin kyamara yake samuwa, inda haske mai ƙarfi ke fantsama ya malala kan maƙwabtansa. Allo ba zai iya fin farinsa fari ba, to hanyar da za a shawo kan ƙwaƙwalwa ta yarda abu yana haskawa ita ce a zana mata wannan malalar. A 1995 wasu masu bincike, cikinsu har da Peter Shirley da Donald Greenberg na Cornell, suka fitar da lissafinta daga yadda idon ɗan Adam ke warwatsa haske. Masu wasannin kwamfuta suka taƙaita abin: a tsamo wuraren da suka fi haske a hoto, a dusashe su, a mayar a kan asalin hoton. Wasan Tron 2.0 na 2003 yana cikin waɗanda suka yayata dabarar. Daga nan aka shiga wasu shekaru da kowane wasa sai ya cika allo da hazo mai ƙyalli, bango yana annuri, ciyawa tana annuri, har ido ya gaji. A ganina ba a taɓa cin zarafin wata dabara a wannan fage kamar ita ba.

Gilashi mai sauƙi ne saboda haske hanya ɗaya yake bi a cikinsa. Madara kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyin mai da na furotin. Ƙwayar haske a cikinta kamar baƙo ce a kasuwar Kurmi: ta shiga ta wata ƙofa, lungu ya miƙa ta ga lungu, ta yi karo da wannan ta kauce wa wancan, daga ƙarshe ko ta ɓullo ta ƙofar da ba ta yi niyya ba, ko ta ɓace a ciki. Tana iya yin karo ɗaruruwa kafin ta fito. Masana taurari ne suka fara kokawa da irin wannan lissafi, don su fahimci ƙurar da ke tsakanin taurari da sararin duniyoyi. A 1941 Louis Henyey da Jesse Greenstein suka rubuta ƙa'idar inda haske ke nufa bayan ya bugi ƙura, wadda har yau tana cikin manhajojin fim. A 1950 Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan Indiya da ke koyarwa a Chicago, ya wallafa littafin da ya zama madogara a fannin. Jim Blinn, shi ma ɗalibin Utah, ya ɗebo daga wannan rijiya a 1982 lokacin da yake zana wa hukumar NASA zobban duniyar Zuhal don nuna tafiyar kumbon Voyager. A 1986 James Kajiya na Caltech ya dunƙule tafiyar haske tsakanin abubuwa a lissafi guda, ya kuma nuna hanyar warware shi: a harba layuka barkatai da yawa, a ɗauki matsakaicinsu. Hanyar daidai take, sai dai kwamfutocin zamanin ba su da ƙarfinta. Idan layukan suka yi kaɗan hoto yakan fito da tsaki-tsaki, idan aka ƙara su a kwana ana jira.

Tun a 1977 wani rahoto na hukumar awo ta Amurka, wanda Fred Nicodemus ya jagoranta, ya rubuta siffofi biyu na lissafin: cikakke, mai la'akari da inda haske ya shiga da inda ya fita, da kuma taƙaitacce mai ɗauka wuri ɗaya ne. Kowa ya rungumi taƙaitaccen. A 1993 Pat Hanrahan, wanda ya jagoranci tsara manhajar RenderMan ta Pixar kafin ya koma koyarwa, shi da Wolfgang Krueger na Jamus suka lissafa fata da ganye a matsayin hawa-hawa da haske ke nutsewa a ciki. Launi ya gyaru, amma har yanzu sun bar hasken yana fita ta inda ya shiga, don haka bakin inuwa ya ci gaba da zama kaifi.

A Jami'ar Stanford aka kwance ƙullin. A shekarar karatu ta 1998 zuwa 1999 Marc Levoy ya kwashi tawagar malamai da ɗalibai zuwa Italiya don su auna sassaƙe-sassaƙen Michelangelo da hasken leza. A birnin Florence suka tarar mutum-mutumin David ya kai mita 5.17, alhali littattafai sun daɗe suna cewa 4.34, sai da aka yi wa injin awon ƙari cikin gaggawa. Wani abin da ya dame su shi ne ɗigon lezar ba ya tsayawa a bayan dutsen. Nutsewa yake yi cikin mabul, ya yi annuri a kewaye, ya ɗan gurɓata awon. Masassaƙa sun san wannan tun zamanin Girka, shi ya sa suke zaɓar mabul idan za su sassaƙa jikin mutum. A wannan sashe na jami'ar akwai Hanrahan, akwai Steve Marschner gwanin awon haske, ga kuma Henrik Wann Jensen, ɗan Denmark da ya riga ya yi suna da wata hanya ta watsa ƙwayoyin haske daga fitila a adana inda suka sauka.

Mabuɗin daga asibiti ya fito. A 1992 masana uku a birnin Hamilton na Kanada, Farrell da Patterson da Wilson, masu binciken maganin sankara da haske, suna neman sanin zurfin da haske ke kaiwa a tsokar mutum ba tare da an yanka ba. Sun dogara da wani abu da aka sani: idan haske ya yi karo da yawa yakan manta inda ya fito, sai ya riƙa yaɗuwa bisa lissafin da ake yi wa yaɗuwar zafi. Ke nan ba sai an bi kowace ƙwaya ba. A ƙaddara fitilu biyu na ƙarya a duk inda haske ya shiga. Ɗaya a binne ta kaɗan a ƙarƙashin fata tana ba da haske, ɗayar a rataye ta a sama tana ragewa, don lissafin ya daidaita a bakin iyaka. Daga nisan kowane wuri zuwa fitilun nan biyu, layi kaɗan na lissafi zai faɗi yawan hasken da zai fito a wurin.

Jensen da abokansa suka ɗauko wannan suka haɗa da lissafin hasken da ke fita bayan karo ɗaya tak, sannan suka shiga kicin. Sukan harba siririn farin haske a kan abu, su ɗauki hoton annurin da ke kewaye da ɗigon, su auna yadda yake dusashewa a ja da kore da shuɗi. Jadawalin da suka buga ya ƙunshi tuffa, dankali, naman kaza, miyar tumatir ta kwalba, kirim, madara mai mai, madarar da aka yaɗe, mabul da fata. A taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH na watan Agustan 2001 a Los Angeles suka nuna kofuna uku. Na madarar da aka yaɗe yana da tsarkiya-tsarkiyar shuɗi a baki, na mai mai fari ne mai taushi, na uku da aka zana da tsohuwar hanya kuwa farin fenti ne sak. Suka kuma nuna kan wani mutum-mutumin mabul da fitila a bayansa, haske yana ratsa siraran wurare. Da hanyar bin kowace ƙwaya aikin ya ci sama da awa 20, da sabuwar hanya minti biyar, kuma da ƙyar ido ke bambance su.

Wata guda kafin taron, a Yulin 2001, fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within ya fito. Kamfanin Square na Japan ya zuba dala miliyan 137 a situdiyonsa na Honolulu don ya zana mutane kamar na gaske. An dasa wa tauraruwar gashi sili 60,000, an zana tabo da ƙofofin gumi da hannu, amma fatar ba ta shan haske, 'yan kallo suka ji kamar gawawwaki ke magana. Abin da ya dawo kimanin dala miliyan 85 ne kawai, ba a daɗe ba aka rufe situdiyon. Rashin annurin fata ba shi kaɗai ya kayar da fim ɗin ba, labarinsa ma bai kama mutane ba, amma da maƙalar Stanford ta riga shi da shekara biyu da fuskokin ba su zama haka ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan taron, dabarar ta isa sinima ta ƙofa biyu. Christophe Hery na ILM ya sa ta a jikin Dobby, ɗan aljanin nan mai faffaɗan kunnuwa na Harry Potter and the Chamber of Secrets, a Nuwamban 2002. A Disamba kuma Gollum ya fito a The Two Towers, aikin Joe Letteri da Ken McGaugh a kamfanin Weta na birnin Wellington. A dubi kunnuwan Gollum idan haske yana bayansa, da jan da ke bin bakin inuwa a kumatunsa, a nan ake ganin abin da ya sa ya zauna daram kusa da mutane na gaske. A wannan shekara Jensen da Juan Buhler na kamfanin da ya yi Shrek suka ƙara wa hanyar sauri: a fara auna hasken da ke sauka a dubban wurare a jiki, a adana, sannan a yaɗa shi. A Fabrairun 2004 hukumar Oscar ta ba Jensen da Marschner da Hanrahan lambar yabo ta fasaha, ta kuma ba Hery da McGaugh da Letteri tasu.

Samun lissafi bai raba mai aiki da wahala ba. A gabansa akwai lambobi uku, nisan da ja da kore da shuɗi ke tafiya a cikin jiki, da kuma ma'aunin girman siffar. Idan ya yi kuskuren ma'auni, ya bar kan mutum a girman ƙwai ko na gida, komai ya lalace. Nisan ya yi yawa, fuska ta koma kyandir, ƙofofin gumi da tamoji su narke. Ya yi kaɗan, ta koma yumɓu. Fina-finan tsakiyar shekarun 2000 cike suke da mutanen kyandir, domin kowa yana ɗokin nuna sabon abin da ya samu. Sannan duk kyawun kayan, idan fitila tana gaba kusa da kyamara annurin ba ya fitowa. Sai an kai ta baya ko gefe, ta ratso kunne, hanci, ganye ko fiffike, abin da masu ɗaukar hoto suka sani tun kafin a ƙera kwamfuta. Fitilun ƙarya biyun nan ma suna da rauni, domin an gina su ne a kan cewa abu shimfiɗaɗɗe ne mai kauri ba iyaka, kunne kuwa siriri ne. A 2005 Jensen da ɗalibinsa Craig Donner, a San Diego, suka jera fitilun da yawa don su iya da siraran abubuwa da fata mai hawa-hawa.

Wasannin kwamfuta ba su da minti biyar, hoto 30 ko 60 suke fitarwa a daƙiƙa. Sai suka bi ta gajeriyar hanya da George Borshukov ya yi amfani da ita a The Matrix Reloaded a 2003: a shimfiɗe fatar fuska, a zana hasken da ya sauka a kanta, a dusashe shi, ja ya fi sauran yaɗuwa, a mayar. A 2007 Eugene d'Eon da David Luebke na kamfanin NVIDIA suka nuna kan mutum yana juyawa nan take da wannan salo, daga baya Jorge Jimenez ɗan Sifaniya ya mayar da dusashewar kan hoton allo kai tsaye, abin ya yi arhar da kowane babban wasa zai iya ɗauka.

A fim kuwa, ƙarfin injina ya yi ta ninkawa har hanyar Kajiya da aka ajiye saboda tsada ta dawo. Monster House na 2006 da manhajar Arnold aka fitar da shi, wadda Marcos Fajardo ya rubuta a kan harba layuka barkatai. Disney ta gina tata, Hyperion, don Big Hero 6 na 2014, inda Baymax, farin mutum-mutumin nan mai jikin balan-balan, yake samun taushinsa daga hasken da ke kai-komo sau da yawa a cikin jikinsa. Zuwa 2016 masu binciken Disney sun nuna yadda za a bar ƙwayar haske ta yi yawonta a cikin tsoka da gaske, ba fitilun ƙarya, ba zaton shimfiɗa. Toy Story da kwamfutoci 117 aka fitar da shi. Elemental na 2023, mai taurarin wuta da ruwa, ya ci ƙwaƙwalen sarrafawa sama da 150,000. Wannan hanya ta yawo a cikin tsoka tana cikin Blender, manhajar kyauta da Ton Roosendaal ya faro a Holan, kuma duk mai kwamfutar cinya da haƙurin jiran hoto ya fito zai iya taɓa ta.

Saura tambayar da ta fi shafar mu: fatar wa aka yi shekarun nan ana aunawa? Fuskokin da aka riƙa gwaji da su a manyan nune-nunen fannin, daga kan da NVIDIA ta nuna a 2007 zuwa Digital Emily ta 2008, na fararen fata ne. Theodore Kim, wanda ya yi aiki a Pixar kafin ya koma Jami'ar Yale, ya tayar da maganar a mujallar Scientific American a 2020, ya sake kawo ta taron SIGGRAPH na 2022 tare da wasu abokan aiki. Hujjarsu ta kimiyya ce. Sinadarin melanin yana zaune a hawan fata na sama, kuma shan haske yake yi. A farar fata haske yakan wuce ya kai ga jini ya dawo, shi ya sa annurin ciki ya zama babban abin da ido ke gani. A baƙar fata melanin yakan shanye mafi yawansa a shiga da fita, sai kaso kaɗan ɗin nan da ke komawa daga saman fata, wato sheƙi, ya zama shi ke zana goshi, kunci da karan hanci. Wanda ya ɗauko lissafin farar fata ya rage masa haske kawai, abin da zai samu fuska ce mai toka-toka marar rai. Irin haka ta faru da fim ɗin ɗaukar hoto: shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launi da katin hoton Baturiya, kuma binciken Lorna Roth ta Kanada ya nuna koken masu sayar da cakulan da kayan katako yana cikin abin da ya sa aka gyara launukan ƙasa-ƙasa.

Adalci ne a ce ba a yi watsi da batun gaba ɗaya ba. Fuskar Laurence Fishburne tana cikin waɗanda aka kwafa a fina-finan Matrix, kuma a 2006 Donner da Jensen sun fitar da lissafin fata mai ma'aunin melanin da na jini. Da Pixar ta zo yin Soul a 2020, fim ɗinta na farko da baƙar fata ke jan ragama, sai da ta nemi shawarar Bradford Young, mai ɗaukar fim da ya ƙware a haska baƙaƙen fuskoki. Amma yawan ƙoƙarin da aka zuba a annurin ciki ya ninka wanda aka zuba a sheƙi da launukan baƙar fata nesa ba kusa ba, kuma abin da aka fi bincika shi ke zama zaɓin farko a manhaja. Wanda ya buɗe babban kayan shafi na Blender zai tarar an riga an rubuta masa nisan tafiyar haske a jiki, 1.0 ga ja, 0.2 ga kore, 0.1 ga shuɗi.

Don haka, matasanmu da ke koyon wannan sana'a a Kano, Kaduna, Jos, Maraɗi ko Damagaram, kada ku ɗauki lambobin da kuka tarar a matsayin awon fatarku. Ku zaunar da ƙaninku kusa da taga da hantsi, ku sake zaunar da shi da la'asar, ku dubi inda sheƙi ke sauka da faɗinsa, da bambancin tafin hannu da bayansa, da yadda wankan tarwaɗa ya bambanta da baƙi wuluk, da abin da man shafawa da hunturu ke yi wa fata. Ku ɗauki hotuna, ku gwada a kwamfuta har su dace, sannan ku rubuta lambobin da kuka samu ku raba wa junanku.